Hoton ƙwari daf da daf: tambayoyin da masu farawa suka fi yi, da amsoshinsu

Tun da na fara nuna wa mutane hotunan da nake ɗauka, kan ƙuda, idon mazari, ƙoƙi-ƙoƙi yana lasar hannu kamar wanda ya gama cin tuwo, tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa, wani ma sai ya kira ni da daddare wai wace kyamara zai saya. Shi ne na ce bari in tattara su wuri ɗaya. Ba a jere suke ba, yadda suka faɗo min haka na rubuta.

Wai mene ne makro ɗin nan da kuke ta faɗa, ba zum ba ne?

Ba zum ba ne. Zum yana jawo abin da ke nesa, makro kuwa kai ne za ka matsa har bakin lensi ya kusa taɓa abin kuma duk da haka ya fito tas. Ma'aunin da ake faɗa shi ne 1:1, wato girman ƙwaro a zahiri daidai yake da girman surarsa a kan sensar kyamara, wato ɗan farantin cikinta da haske ke sauka a kai ya zama hoto. Ƙudan gida tsawonsa bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, sensar kyamarori irin su Nikon D3500 ko Sony a6000 kuma faɗinta wajen milimita 23 da rabi ne, to a 1:1 ƙudan nan zai cinye sama da kwata na faɗin hoton, kana buɗewa a kwamfuta ka ga gashin bayansa ɗai-ɗai. 2:1 ninki biyu ke nan, 1:2 rabi. Akwai lensunan zum da aka rubuta musu makro a jiki, irin 70-300 na Sigma da Tamron, iyakarsu 1:2 ne. Za su yi maka malam-buɗe-littafi da babe, amma cinnaka sai dai ka ga ɗigo.

Ni waya kawai gare ni, in haƙura ke nan?

Haba, kar ka haƙura, nima da waya na fara. Sai dai akwai tarko guda. Wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi, Tecno, Infinix, Redmi da sauransu, wasu samfuransu suna zuwa da wata 'yar kyamara ta makro mai megafiksel 2, fokas ɗinta a kafe yake a wajen santimita 4, kuma hoton da take bayarwa gaskiya da ƙyar ya wuce abin dubawa a fuskar waya. Sau da yawa babbar kyamarar wayar ta fi ta nesa ba kusa ba: ka matsa iya inda za ta iya kamawa, ka ɗauka, daga baya ka yanke gefe da gefe, in mai megafiksel 48 ko 50 ce kana da sararin yankewa sosai. Wayoyi irin iPhone 13 Pro da ya fito a 2021 da na bayansa su kam suna kamawa har santimita 2, amma a wannan kusancin inuwar wayar da kanta take rufe ƙwaron, sai ka karkata ka bar haske ya shigo ta gefe.

Abubuwa uku da ba sa cin ko sisi: goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi kafin ka fara, maiƙon yatsa ne ke sa hoto ya yi hazo-hazo mutum yana zargin waya. Shiga yanayin Pro in wayarka na da shi ka mayar da fokas na hannu zuwa mafi kusa. Sannan kar ka dangwali fuskar waya wajen ɗauka don tana motsawa, yi amfani da maɓallin ƙara sauti ko na iyafis.

Ɗan lensin nan da ake maƙalawa a waya, yana aiki kuwa ko cin kuɗi ne?

Yana aiki. Mai gilashin gaske ya fi na roba, kuma ka nemi wanda zai bar maka ɗan tazara tsakaninka da ƙwaro, don masu arhar nan da aka rubuta 20x ko 25x sai ka kusa manna su a jikin abin, wane ƙuda ne zai tsaya maka. Ka cire kes ɗin waya kafin ka maƙala, ka daidaita shi a tsakiyar kyamarar sosai, in ya goce gefen hoto zai yi baƙi.

Ina da kyamara da lensin da ta zo da shi. Wace hanya ta fi arha?

Hanyoyi uku ne kuma duk na taɓa su.

Ta farko bututun ƙari, wato zobba ne marasa gilashi da ake sakawa tsakanin kyamara da lensi don nesanta shi da sensa. Yawanci uku suke zuwa, na Kenko misali milimita 12 da 20 da 36. Lissafinsa mai sauƙi ne, ka raba tsawon bututun da tsawon lensin: milimita 50 na bututu a kan lensin 50mm zai kai ka wajen 1:1. Amma don Allah ka sayi mai 'yan ƙarafunan lantarki a ciki, waɗanda babu su sun fi arha amma kyamara ba za ta iya yi wa lensi magana ba, ƙofar haske, wato ramin cikin lensi da ake buɗewa ko ragewa don haske ya wuce, ta tsaya wuri ɗaya ka rasa yadda za ka sarrafa ta.

Ta biyu juya lensi, gaba ya koma baya, da wani zobe da ake ɗaurawa a bakin lensin. Tsohon lensi na zamanin fim mai zoben ƙofar haske a jikinsa shi ya fi dacewa, 50mm zai ba ka kusan 1:1, 28mm ya kai ka wajen ninki biyu. Akwai wani Ba'amurke, Thomas Shahan, da ya yi suna a duniya da hoton fuskokin gizo-gizo masu tsalle, kuma da tsofaffin lensuna a juye ya yi sunan, ba da kayan miliyoyi ba. Wahalarta in ka rage ƙofar haske abin da kake leƙawa yana yin duhu, ga kuma bayan lensi a buɗe yana shan ƙura.

Ta uku ita na fi ba mai farawa shawara in yana da lensin 55-200 ko 55-250 ko 70-300: gilashin ƙari da ake maƙalawa a gaba, Raynox DCR-250. Ƙarfinsa dayofta 8 ne, wato ma'aunin ƙarfin gilashi, maƙalinsa yana kama bakin lensi daga milimita 52 zuwa 67, a kan 125mm yana ba da wajen 1:1, a kan 200mm ya wuce ninki ɗaya da rabi, kuma yana bar maka tazarar kamar santimita 10 zuwa 12. Daɗinsa kana ganin tsuntsu ka ɓalle shi ka sa a aljihu, ka ga ƙwaro ka mayar. Akwai ƙaninsa DCR-150, bai kai shi ƙarfi ba amma ya fi sauƙin sarrafawa ga wanda hannunsa bai saba ba.

In na tara kuɗi zan sayi lensin makro na gaske, wanne?

Wanda ke tsakanin 90 da 105mm. Canon 100mm, Nikon 105mm, Tamron 90mm, Sigma 105mm, duk suna kai 1:1 kuma da wuya ka samu marar kyau a cikinsu, na hannu ma ya wadatar. Dalilin tsawon shi ne tazara, a 1:1 za ka samu kamar santimita 13 zuwa 15 daga bakin lensi zuwa ƙwaro, masu 40 ko 50mm kuwa sai ka shige masa har ka tare haske. Laowa na ƙasar Sin suna da 100mm mai kai 2:1, fokas ɗinsa na hannu ne amma a wannan harka ba asara ba ce. Shi kuwa Canon MP-E 65mm da ke farawa daga 1:1 ya kai 5:1, in wani ya ce ka fara da shi ba masoyinka ba ne, ko hoton mutum ba ya ɗauka, kuma nemo ƙwaron ma a cikinsa aiki ne.

Farashi ban faɗa ba don da dala yake tafiya, abin da na faɗa yau jibi ya zama ƙarya.

Me ya sa ƙafa ɗaya ce kawai take fitowa, sauran jikin duk dishi-dishi?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi a satin farko, kuma kayanka lafiyarsu ƙalau. Duk yadda ka matsa kusa, faɗin wurin da ke fitowa raɗau yana ƙara sirancewa. A 1:1 da f/11 bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, wato ko kaurin ƙwayar gero bai kai ba, a f/2.8 kuwa ba a magana, don lambar f girman ƙofar haske take nunawa, tana ƙaruwa ƙofar na ƙanƙancewa wurin da ke fitowa raɗau kuma yana ɗan faɗaɗa. Numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da idon ƙwaro daga wannan siririn wurin.

Maganin biyu ne. Ka ɗora fokas a kan ido, in ido ya fito mai kallo zai yafe maka sauran, in ido bai fito ba ko fiffike ya yi kyau kamar me hoton ya mutu. Sannan ka tsaya ta gefen ƙwaron yadda tsawon jikinsa zai yi layi ɗaya da fuskar kyamara, misali fara, in ka ɗauke ta ta gefe daga kai har wutsiya za su shiga, in ka ɗauke ta ta gaba goshi kawai za ka samu. Duk biyun hoto ne, ka dai san wanda kake nema.

To ai sai in rufe zuwa f/22 ko f/32 in huta?

A'a. Haske in ya bi ta ƙaramar ƙofa sosai yana bazuwa, hoton gaba ɗaya ya yi laushi kamar an shafa masa man shanu. Kuma a 1:1 lambar da ka saka ninkawa take yi, f/16 tana aiki ne kamar f/32. Ka zauna tsakanin f/8 da f/13, in ka wuce 1:1 ma ka buɗe kaɗan.

Dole sai da filash? Ai rana ta ishe mu a ƙasar nan.

Nan fa maganar take, kuma da za a ce in zaɓa tsakanin lensi mai tsada babu filash da kuma bututun ƙari mai arha da filash da aka tausasa haskensa, wallahi na biyun zan ɗauka ban ko waiwaya ba. Ga dalili. A 1:1 hasken da ke isa sensa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, ga ka rage ƙofa zuwa f/11, ga hannu na rawa, ga iska na kaɗa ganyen, ga ƙwaron shi ma ba gunki ba ne. In ka dogara da rana ko dai ka ɗaga ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, hoto ya cika da yashi-yashi, ko ka rage saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka, komai ya yi jirwaye. Filash in ka rage masa ƙarfi, kamar 1/8 ko 1/16 na cikakken ƙarfinsa, walƙiyarsa kashi ɗaya ce cikin dubbai na daƙiƙa, ita ce take daskarar da motsin, ba shota ba. Ranar tsakar rana kuwa da kake taƙama da ita, ita ce mafi munin haske, inuwa baƙi ƙirin, bayan ƙwaro fari fat.

Amma filash tsirara shi ma ɓarna ne. Jikin buzuzu da tururuwa da idon ƙuda sheƙi suke kamar tangaran, kana haska su kai tsaye sai farin tabo ya cinye launin. Abin da ake so hasken ya zama mai faɗi a idon ƙwaron, ya zo masa ta sama da gefe kamar hasken safiya ranar da hadari ya rufe rana. Shi ya sa ake sa abin tausasa haske, kuma ba sai ka saya ba. Farin soso mai laushin nan da ake naɗe talabijin ko laftof a kwali, ka yanko kamar faɗin tafin hannu biyu, ka huda rami a ƙasansa ka zura lensi, ya tsaya a gaban filash ya ɗan rusuna kan ƙwaron kamar rumfa. Farar robar tek-awe ma tana yi, takardar fari ma tana yi kafin raɓa ta jiƙa ta. Wanda ba shi da filash na ɗorawa, wancan ɗan ƙaramin da ke ɗagowa a kan kyamara ya isa farawa, ka samu dogon gwangwanin Pringles wanda cikinsa ke sheƙi, ka huda inda filash ɗin zai shiga, hasken ya bi ta ciki ya fito a saman bakin lensi, ka rufe bakin da tishu ninki biyu ka ɗaure da kyauro. Mutane za su yi maka dariya a hanya, nima an yi min, wani yaro har tambayata ya yi ko bindigar tsuntsu ce. In kuɗi sun samu, ƙaramin Godox TT350 ba shi da nauyi, batir biyu yake ci, ka dai tabbata ka sayi na irin kyamararka.

Masu waya, filash ɗin waya bai da amfani a nan. Ka sa wani ya riƙe maka tocila da tishu a bakinta, ko ka ɗauka a inuwa mai haske, ko ka riƙe farar takarda ta mayar da hasken rana ƙarƙashin ƙwaron.

Ba ni setin da zan fara da shi kawai.

Yanayin M, wato na hannu, shota 1/200 na daƙiƙa, f/11, ISO 200, filash na hannu a 1/8. Ka gwada a kan ganye, in ya yi duhu ƙara filash, in ya ƙone rage shi, sauran ka bar su yadda suke. Kar ka wuce 1/200 ko 1/250 gwargwadon kyamararka, in ba haka ba baƙin layi zai yanke hoton. In kyamarar na ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil da ya fi karɓar gyara, ka kunna.

Bayan hoton nawa kullum baƙi ne kamar da dare na ɗauka.

Hasken filash yana mutuwa da sauri, abin da ya ninka nisan ƙwaro sau biyu kwatan hasken kawai yake samu. Wasu suna son baƙin, ni dai ya gundure ni. Ka zagaya ta inda akwai ganye daf da bayan ƙwaron, ko ka tsinko ganye ka riƙe a bayansa kamar tazarar yatsu huɗu, ko ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 ka rage filash don hasken gari ya shigo.

Fokas sai kai da komo yake yi ya ƙi tsayawa. Ko sai na sayi mai ƙafa uku?

Kashe fokas na otomatik. Ka murza lensi zuwa girman da kake so ka bar shi nan, sai kai ka zama fokas ɗin: ka matsa gaba a hankali har ido ya fito, ka danna, ka ɗan ja baya ka sake dawowa ka danna. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ko ka durƙusa ka ɗora ta a gwiwa. Dabarar da ta fi taimaka min, in ƙwaron yana kan kara ko reshe, sai in kama karan da hannun hagu a hankali in ɗora bakin lensi a kan wannan hannun, to ko na yi rawa tare muke rawa da ƙwaron. Sandar makiyayi ma tana aiki, ka dafa ta a ƙasa ka haɗa ta da kyamara a hannu ɗaya.

Mai ƙafa uku kafin ka gama kafa ta ka taɓa ciyawar ƙwaron ya tashi. Amfaninta sai ga abin da ba ya motsi, ƙwai, ko tsutsa, ko aikin cikin ɗaki. Kuma ka sa a ranka cikin hoto hamsin in ka samu uku masu kyau ranar ta yi albarka, kowa haka yake yi, ba a dai nuna maka sauran ne.

Ina matsowa suke tashi. Ya kuke yi su tsaya?

Ba ma yin komai, lokaci muke zaɓa. Ƙwari jikinsu da zafin gari yake aiki, da sanyin safiya ba su da kuzari. Ka fita bayan sallar asuba gari na fara wayewa, zuwa wajen ƙarfe takwas, musamman da damina in an kwana da raɓa, za ka tarar da mazari da malam-buɗe-littafi a maƙale a ciyawa jikinsu duk ɗigon ruwa, wasu ƙananan zuma ma da baki suke cije kara su kwana a haka. Da rana ta ɗaga kuwa sai dai ka yi ta tsere da su. Da yamma liƙis ma ana samu.

Wajen matsawa, kar inuwarka ta faɗa kansa, wannan shi ne na ɗaya. Ka tafi a miƙe a hankali, motsin gefe da gefe suka fi gani. Ka fara ɗauka tun daga nesa kana ƙara matsowa, ko ya tashi kana da wani abu. Babbar riga da mayafi mai kaɗawa a bar su a gida. Wanda yake cin abinci ko yake barbara ya fi haƙuri da kai. Mazari kuma in ya tashi kar ka bi shi, yawanci kan wannan karan zai dawo, ka gyara zama ka jira, idonsa ya cancanci jiran don kowane ɗaya yana iya ɗaukar ƙananan idanu har kusan 30,000. Sannan ka sauko daidai tsayinsa, hoton da aka ɗauka daga sama bayan ƙwaro kawai yake nunawa, wanda aka ɗauka ido da ido shi ne mutane ke cewa kai, ashe haka fuskarsa take.

Ina zan same su? Unguwarmu babu daji.

Ba ka buƙatar daji, tumfafiya guda a bayan gari ta ishe ka wata guda. A kanta ake samun farar tumfafiya mai zanen rawaya da ba ta cika gudu ba don ta san ba mai cin ta, gubar ganyen tana jikinta, a kanta kuma tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da baƙi da fari take girma, ga tururuwa ga ƙananan ƙwari masu tsotso. Ka dai kiyayi farin ruwanta, in ya shiga ido babbar matsala ce, kar ka tsinki ganye ka murza ido. Bishiyar lemo a tsakar gida ka duba sabon toho, akwai tsutsar da tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, in ta girma ta koma kore. Furen kuɓewa, kabewa, zogale, riɗi, duk zuma na zuwa. Ganyen wake in darɓa ta kama shi za ka ga tururuwa na kiwon su kamar shanu. Zanzaro na ɗibar laka a bakin famfo, kana ganin ƙugunsa za ka gane inda aka samo sunan cusa riga a wando. Ramin kurkuɗu a yashin gindin katanga, wanda muka yi ta tonowa muna yara. Da rani ka nufi fadama da lambu. Da dare ka rataya farin zani ka haska masa fitila, musamman bayan ruwan farko lokacin da shinge ke fitowa.

In gonar wani ce ko lambunsa, ka yi sallama ka gaida mai ita ka nuna masa hoto ɗaya biyu a kyamara. Baƙo a durƙushe da na'ura a gonar mutane a wannan zamanin ba abin wasa ba ne, amma da ya ga fuskar fara sai ka ga shi ne ma yake kiranka, malam zo ga wani nan.

Babu hatsari?

Akwai. Zuma ɗaya a kan fure ba ruwanta da kai, amma amya da gidan rina a bar su, zumarmu ta Afirka ba ta da wasa in ta ga ana nufar gidanta. Ƙwarin nan da ake cewa suna yi wa mutum fitsari, ruwan jikinsu ne ke tayar da fata, in ya hau ka hure shi kar ka murƙushe. Tsutsa mai gashi kar ka taɓa. Wanda ya fi duka shi ne abin da ke ƙarƙashin ciyawar, kunama da maciji, kububuwa ƙarama ce kalar ƙasa kuma mutanen Kaltungo za su ba ka labarinta. Takalmi rufaffe, kuma ka duba wuri kafin ka durƙusa ko ka ɗaga dutse.

Na ji wasu na sa ƙwaro a firij ko su kashe shi don ya tsaya.

Ana yi, ni ba na yi. Mai ido yana ganewa, ƙafafu a naɗe, gashin baki a kwance, ido ya dushe. Kuma dai halitta ce, tururuwa da zuma har hadisi ya hana kashe su. In kana son na gwaji wanda ba ya motsi, duba bakin taga da cikin gilashin fitila, matattu sun isa.

Hotunan da nake gani komai ya fito daga kai har ƙafa, ya ake yi?

Ba hoto ɗaya ba ne. Ana ɗaukar da yawa, kowanne a matsar da fokas kaɗan, sai manhaja ta tsinci wurin da ya fito a kowanne ta haɗe su. Helicon Focus da Zerene Stacker su aka fi sani, Photoshop ma yana yi, wasu kyamarori kamar na Olympus suna jera ɗaukar da kansu. Wani Bature ɗan Ingila, Levon Biss, da ya yi aiki da ƙwarin gidan adana kayan tarihin halittu na Jami'ar Oxford a 2016, kowane hoto nasa guda daga hotuna wajen 8,000 aka haɗa shi. Kai dai ka bari sai hoto ɗaya ya fara yi maka biyayya, sannan ka gwada biyar ko goma a kan mataccen ƙuda.

Wasu baƙaƙen ɗige-ɗige suna fitowa a wuri ɗaya a duk hotuna.

Ƙura ce a kan sensa, a f/4 ba ka ganinta, a f/11 da makro duk sai ta fito. Da hunturu kar ka canza lensi a waje, ka shiga ɗaki ko mota, bakin kyamara na kallon ƙasa. Ka sayi 'yar robar hura iska, kar ka hura da baki, kar ka sa auduga. Da damina kuma abokin gaba danshi ne, yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi, ka ajiye kaya a roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Na taɓa sayen lensi na hannu a wurin wani, a shago ya yi fes, sai a gida na haska tocilar waya ta bayansa na ga zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, kuma ya ce shi ba ya karɓar kaya in sun fita. Ka haska kafin ka biya.

Na ɗauka, to ya zan san sunansa?

iNaturalist. Ka ɗora hoton da rana da wurin da ka ɗauka, manhajar ta yi hasashe, sannan masana da masu sha'awa su gyara. Ka ɗauki sama da gefe da fuska don wani bambancin a jijiyar fiffike yake. In a gidanka ne akwai inda ake ɓoye takamaiman wurin. Ƙwarin yankinmu ba a ɗauke su da yawa kamar na Turai da Amurka ba, don haka hoton da kake rainawa yana iya yi wa mai bincike amfani.

Manoma ma abin ya shafe su. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, ana gane ta da alama kamar harafin Y a kife a goshinta da baƙaƙen ɗigo huɗu a murabba'i kusa da wutsiya, hoto mai kyau na waɗannan wurare biyu ya isa malamin gona ya faɗa maka ita ce ko ba ita ba tun kafin ka kashe kuɗin magani. A shekarar ce kuma tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, ita kuwa uwar tsutsar mai fiffike ba ta fi tsawon ƙudan gida ba kuma ta fi shi siranta, in ba da makro ba sai ka ɗauka ɗan datti ne a ganye.

A wayata hoton ya yi kyau, ina turawa a WhatsApp sai ya lalace.

Matse shi yake yi don ya rage data, kuma abin da ya fara tafiya shi ne ƙananan gashi da ramukan ido da ka sha wahala a kansu. Tura shi a matsayin dokumen, ko aƙalla ka danna HD. Facebook ma yana matsewa, to ka yanke hoton da kanka yadda ƙwaron zai cika shi kafin ka ɗora. Gyara kuwa Snapseed ko Lightroom na waya sun isa, ka rage wuraren da suka yi fari da yawa, ka ɗaga inuwa kaɗan, kaifi kaɗan, launin kuma ka bar shi kusa da yadda Allah ya yi shi don masu tantance suna da launin suke aiki. Asalin fayil ɗin ka kwafe shi a kwamfuta ko wani memori daban kafin ka fara taɓa shi.